Harshe Ne Ko Karin Harshe? Tambayoyi da Amsoshi Kan Marathi da Danginsa

Akwai wata gardama da ta daɗe a yammacin Indiya: maganar da mutanen wani yanki suke yi a gida da kasuwa, harshe ce mai zaman kanta, ko kuwa karin harshen Marathi ce? An yi ta a kan Konkani, maganar yankin Goa, har aka rasa rayuka. Ana yin ta yau a kan Ahirani da Varhadi da Malvani, cikin sanyi dai, amma ba ta mutu ba. Ga tambayoyin da suka fi tasowa, da amsoshinsu gwargwadon fahimtata.

Da farko, mene ne Marathi?

Harshen jihar Maharashtra ne, jihar da Mumbai ke zama babban birninta. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 83 ne suka ce shi ne harshen uwarsu, wato na uku a ƙasar bayan Hindi da Bengali. Adabinsa ya kai ƙarni na 13. An kafa jihar kanta ranar 1 ga Mayu, 1960, bayan doguwar gwagwarmayar masu neman a tara masu wannan harshe a inuwa ɗaya. A riƙe wannan, domin shi ne tushen zafin maganar: jiha ce da aka gina a kan harshe.

Daidaitaccen Marathi, na makaranta da jarida da gidan rediyo, an ɗora shi ne a kan maganar masu ilimin birnin Pune. Ƙamus ɗin Molesworth na 1831 da littattafan nahawun da suka biyo baya sun taimaka wajen kafa shi.

Su mutanen can, da waɗanne kalmomi suke wannan gardamar?

Kalmomi biyu ne. "Bhasha" shi ne harshe, "boli" kuwa ita ce maganar baka ta yanki, abin da masu nazari a wajenmu suke kira karin harshe. Daidaitaccen kuma suna ce masa "praman bhasha". Akwai wasu kalmomi biyu da suka fi waɗannan ciwo: "shuddha" da "ashuddha", mai tsarki da mara tsarki. Da su ake auna furucin mutum. Kalmar ruwa a Marathi, "pani", a bakin ɗan Pune tana da wani "n" da ake naɗe harshe zuwa ganɗa kafin a furta shi. Mutumin karkara da yawa yakan faɗe ta da "n" na yau da kullum. Wannan ɗan bambancin ya isa a gane daga ina mutum ya fito, wani lokacin har a yi hasashen asalin gidansu, a kuma yi masa dariya.

Masanin harshe idan ya ce kari, ba zagi yake yi ba. A wurinsa maganar Pune ma kari ce, wadda ta yi sa'a aka ɗora ta a kan kujera. Amma a bakin mutumin gari kalmar "boli" tana ɗauke da ma'anar abin da bai kai a rubuta shi ba.

Ba fahimtar juna ce ma'auni ba? In mun ji juna, ai harshenmu ɗaya.

Ma'auni ne mai amfani, amma yana da ramuka biyu manya a wannan yankin.

Na ɗaya, maganar tana sauyawa ne a hankali, ƙauye bayan ƙauye. Ka tashi daga Ratnagiri ka bi gaɓar teku ka yi kudu, ka ratsa Malvan da Vengurla, ka haye kogin Terekhol ka shiga Goa, ka ci gaba har Karwar da Mangaluru. Babu inda za ka tsaya ka ce nan Marathi ya ƙare, nan Konkani ya fara. Kowane gari yana jin maƙwabcinsa. Amma ka haɗa ɗan Pune da tsohuwar Mangaluru mai Konkani, sai sun nemi wani harshen.

Na biyu, fahimtar ba ta tafiya daidai ta ɓangarorin biyu. Ɗan Khandesh, yankin arewacin Maharashtra da ake yin Ahirani, yana jin daidaitaccen Marathi sarai, saboda da shi aka koyar da shi tun aji ɗaya, da shi yake kallon labarai. Ɗan Pune da bai taɓa zama a Dhule ta Khandesh ba zai sha wuya idan tsofaffi biyu suka saki baki da Ahirani a gabansa. To fahimtar wa za a auna? Wanda ya koyi harshe a makaranta, jin da yake yi masa bai tabbatar da cewa harshen gidansu ne ba.

Me ya sa aka daɗe ana kiran Konkani karin Marathi?

Saboda tarihi ya bar shi ba shi da gata a rubuce. Turawan Fotugal sun kama Goa a 1510. Da farko limaman mishan sun koyi harshen, sun rubuta shi da haruffan boko. Nahawun da Thomas Stephens, wani ɗan Ingila mabiyin ɗariƙar Jesuit, ya rubuta, an buga shi a 1640. Amma a 1684 hukumar mulkin mallaka ta fitar da dokar danne harshen don a koma Fotugis. Kafin nan ma, tilasta wa mutane sauya addini da kotun binciken aƙida da aka kafa a 1560 sun sa jama'a da dama sun yi hijira zuwa gaɓar Karnataka da Kerala.

Abin da ya biyo baya shi ne rabuwar aiki. Manyan Kiristocin Goa suka rungumi Fotugis. Mabiya addinin Hindu suka riƙe Marathi a matsayin harshen ibada da wasiƙa da makarantar firamare. Konkani ya zama na tsakar gida da bakin teku da kasuwar kifi. Mutum zai tashi da shi a baki, amma in ya ɗauki alƙalami sai ya rubuta Marathi, kuma a ransa bai ga ya bar harshensa ba. Gani yake ya rubuta shi "daidai" ne kawai.

Da masanin harshe George Grierson ya fitar da kundin Marathi na babban binciken harsunan Indiya a 1905, a cikinsa ya sa Konkani a matsayin kari, ko da yake ya yarda cewa ya rabu da tushen tun da wuri. Wannan hukuncin ya zama sandar da masu ra'ayin Marathi suka daɗe suna dogarawa.

Su kuma masu cewa harshe ne, mece ce hujjarsu?

Hujjarsu tana cikin ƙananan kalmomin da harshe ba ya saurin arowa. Duba waɗannan:

"Ni": Marathi "mi", Konkani "hanv".
"Gare ni": Marathi "mala", Konkani "mhaka".
"Gare ka": Marathi "tula", Konkani "tuka".
"Mene ne": Marathi "kay", Konkani "kitem".
"Akwai": Marathi "ahe", Konkani "asa".
"Ruwa": Marathi "pani", Konkani "udok".

Kalmar "hanv" ta fi kusa da "hun" ta Gujarati fiye da "mi" ta Marathi. "Udok" kuwa tsohuwar kalmar Sanskrit ce, "udaka", da Konkani ya riƙe a bakin yau da kullum. Ga kuma wasulan da ake furtawa ta hanci, waɗanda suka cika Konkani alhali daidaitaccen Marathi ya zubar da mafi yawansu. Masanin harshe S. M. Katre ya bi diddigin sautuka da nahawu a littafinsa na 1942 kan samuwar Konkani, ya nuna cewa su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne, ba ɗa da uba ba. Ni dai wannan hujjar ta gamsar da ni. Abin da ya riƙe tsofaffin siffofin da Marathi ya yar, ba za a ce daga Marathi na yau ya ɓalle ba.

Kafin Katre akwai Shenoi Goembab, wanda ya rasu a 1946. Shi ya ƙarar da rayuwarsa yana rubutu da Konkani, yana faɗa wa mutanensa su daina jin kunyar harshen da aka yi musu reno da shi.

Idan hujjar ilimi ta fito tun 1942, me ya sa rigimar ta kai 1992?

Domin ba a ɗakin nazari ake raba irin wannan gardama ba. Indiya ta karɓe Goa daga hannun Fotugal a Disamba 1961, a daidai lokacin da ake zana jihohi bisa harshe. Lissafin a bayyane yake: in Konkani karin Marathi ne, to mutanen Goa 'yan Marathi ne, sai a haɗe su da Maharashtra. Jam'iyyar da ta fara mulkin Goa, ƙarƙashin Dayanand Bandodkar, haɗewar take so. Jack de Sequeira da jam'iyyarsa suka ce ba su yarda ba.

Ranar 16 ga Janairu, 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardama. A takardar ƙuri'a alamomi biyu ne: fure ga mai son haɗewa, ganye biyu ga mai son Goa ta zauna daban. Ganye biyu ya yi nasara da kusan kashi 54 cikin 100. Ka ga mai kamun kifi ko manomin shinkafa da ya dangwala a ranar, ba a tambaye shi ra'ayinsa kan wakilin suna ba, amma hannunsa ya taɓa makomar harshen fiye da littattafai da yawa.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 1975 Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasa, ta amince da Konkani a matsayin harshen adabi mai zaman kansa, lokacin da masanin harshe Suniti Kumar Chatterji yake shugabantarta. A 1986 zanga-zangar neman a mai da shi harshen hukuma ta yi tsanani, aka rasa rayuka, har da wani matashi, Floriano Vaz, da aka harbe a watan Disamba. Ranar 4 ga Fabrairu, 1987 majalisar Goa ta zartar da dokar harshen hukuma, kuma ranar 30 ga Mayu na shekarar Goa ta zama cikakkiyar jiha. A 1992 gyara na 71 ya shigar da Konkani jadawali na takwas na kundin tsarin mulki, wato jerin harsunan da ƙasa ta amince da su, tare da Manipuri da Nepali.

Wanda ya riƙe takardar kuɗin rupi ya juya bayanta zai ga jerin harsuna 15 da aka rubuta darajar kuɗin da su. Konkani yana nan a layinsa, Marathi yana nasa, Malayalam a tsakaninsu.

Ke nan maganar Konkani ta ƙare?

Ta waje ta lafa, ta cikin gida ta taso. Dokar 1987 Konkani da haruffan Devanagari, irin na Marathi da Hindi, ta ambata, ta kuma bar wa Marathi ƙofa a ayyukan hukuma. Kiristocin Goa da yawa da boko suke rubutu, da shi suke ibada da wasan kwaikwayonsu na tiyatar, kuma su ne suka fi fitowa titi a 1986. Har yau suna neman a ba haruffansu matsayi ɗaya. A Karnataka da haruffan Kannada ake rubuta shi, a Kerala akwai masu amfani da na Malayalam, Musulmin Nawayat na garin Bhatkal kuwa da haruffan Larabci, irin ajaminmu. Masu harshen duka ba su wuce miliyan 2 da dubu 200 da ɗoriya ba a ƙidayar 2011, kuma waɗanda suke cikin Goa ba su kai rabi ba.

Abin da ke damuna a nan shi ne, harshen da ya sha raini a matsayin "boli" ya fara yi wa nasa kare-karen irin abin da aka yi masa. Wanda ya tashi da maganar Salcete ta kudancin Goa ko ta Mangaluru ta Karnataka yana iya buɗe littafin makaranta ya ga Konkanin da ba irin na gidansu ba.

Na ga ana cewa akwai Konkani na Maharashtra. Shi ne na Goa?

A'a. Konkan sunan gaɓar tekun ne gaba ɗaya, don haka duk abin da ake yi a can akan ce masa Konkani. Maganar masunta da manoman kewayen Mumbai da Thane da Raigad, irin ta al'ummomin Koli da Agri, ta fi kusa da Marathi nesa ba kusa ba. Suna ne ya zo ɗaya.

To Ahirani fa?

Nan ne nake ganin an fi yin rashin adalci. Ana yin Ahirani a Khandesh, kwarin kogin Tapi, a gundumomin Dhule da Jalgaon da Nandurbar da arewacin Nashik. Yankin yana maƙwabtaka da Gujarat da Madhya Pradesh da ƙasar ƙabilun Bhil, kuma maganar ta nuna haka. Inda Marathi zai ce "ahe", Ahirani "she" yake cewa, ɗan'uwan "chhe" na Gujarati. Mallaka a Marathi da "cha" ko "chi" ake yin ta, a Ahirani da "na" ko "ni", kamar dai Gujarati. "Nawa" a Marathi "majha", a Ahirani "mana". Waɗannan ba kalmomin aro na kasuwa ba ne, ƙashin bayan nahawu ne.

Grierson kansa bai sa maganar Khandesh cikin kundin Marathi ba, tare da harsunan Bhil ya ajiye ta. Ƙidayar jama'a ma daban take lissafa Khandeshi, da mutum wajen miliyan 1 da dubu 800 a 2011, mafi yawansu da sunan Ahirani suka amsa. Duk da haka, a makaranta da bakin jama'a "karin Marathi" ake ce masa, kuma masu shi da yawa ba su musa ba, domin suna jin kansu 'yan Maharashtra ne ciki da waje.

Sunan da kowa yake kawowa shi ne Bahinabai Chaudhari, wadda ta rayu daga 1880 zuwa 1951. Ba ta yi karatu ba. Tana niƙa a dutse ko tana aikin gona take tsara baitocinta, ɗanta Sopandev yana rubutawa, aka buga su a 1952 bayan rasuwarta. Yau yaran Maharashtra suna haddace su a darasin Marathi, kuma tun 2018 jami'ar da ke Jalgaon sunanta take ɗauke da shi. Ko a kanta ma akwai saɓani: wasu na cewa Ahirani ta yi, wasu na cewa maganar al'ummar Leva ce ta gabashin Khandesh, wadda ta fi karkata ga Marathi.

Varhadi kuma?

Shi ne maganar yammacin Vidarbha, ƙasar auduga da ke gabashin Maharashtra: Amravati, Akola, Yavatmal, Buldhana, Washim. Alamominsa a fili suke. "Mala" da "tula" sukan koma "male" da "tule". Wani "l" na naɗe-harshe yakan koma "y", sai kalmar ido, "dola", ta zama "doya". Ga kuma ginin jimla irin na Hindi: ɗan Pune zai ce "mi jat ahe", ina tafiya, ɗan Akola ya ce "mi jaun rahilo", kwatankwacin "main ja raha hun". Ba abin mamaki ba ne, domin a zamanin Turawan Birtaniya an haɗa yankin da lardunan tsakiya masu Hindi tun 1903, sai a 1956 ya koma cikin 'yan'uwansa.

A ganina Varhadi karin Marathi ne, kuma faɗin haka ba ragi ba ne. Wakilan sunansa da jigon aikatau ɗinsa na Marathi ne, ɗan Pune yana bin hirar bayan ɗan sabo. Hasali ma wasu daga cikin tsofaffin rubutattun zube na Marathi, na mabiya ɗariƙar Mahanubhav a ƙarni na 13, suna da alaƙa da garin Riddhapur na wannan yankin. Mutanen Varhad, wato ƙasar masu Varhadi, suna da ikon cewa ba su aro Marathi daga Pune ba. Abin lura kuma, masu neman a ba Vidarbha jiharta sun fi kafa hujja da rashin ruwan noma da bashin manoma da wariyar kasafi, ba su mai da harshe tutarsu ba. Da sun yi haka, wataƙila da yanzu ana wata maganar.

Malvani na wa ne?

Kowa yana ja. A gundumar Sindhudurg ake yinsa, dab da Goa. Yana cewa "maka" da "tuka" kamar Konkani, ƙidayar jama'a ma a ƙarƙashin Konkani take sa shi. Amma masu shi da Marathi suke karatu, a dandalin wasan kwaikwayon Marathi na Mumbai maganarsu ta yi suna, kuma mafi yawansu in ka tambaye su za su ce maka su 'yan Marathi ne. Nahawu ya ja kudu, zuciya ta ja arewa.

Wa ke da ikon yanke hukunci?

Babu hukuma ɗaya. Ofishin ƙidaya yana da nasa tsari: a 2011 ya karɓi sunaye 19,569 daga bakin jama'a, ya tace su, ya tattara su cikin harsuna 121, duk wanda masu shi ba su kai 10,000 ba kuma ba a buga sunansa daban. Sahitya Akademi tana duba adabi. Majalisar ƙasa ce take shigar da harshe jadawali na takwas, wanda yanzu yake da 22. Akwai kuma lambobin ISO da kwamfuta da intanet suke aiki da su, inda Marathi yake da "mar", Konkanin Goa "gom", Ahirani "ahr", Varhadi "vah". Samun irin wannan lambar ba shaidar komai ba ce a gaban gwamnatin Indiya, alama ce ta rarrabe bayanai.

Yawan jama'a ma ba ya yanke hukunci. Bhojpuri yana da mutum sama da miliyan 50, amma ƙidaya a ƙarƙashin Hindi take lissafa shi. Maithili ya shiga jadawalin a 2003.

Me zai ragu idan an ci gaba da cewa kari ne? Ba suna ne kawai ba?

Ka ɗauki yarinya 'yar shekara shida a wani ƙauye kusa da Dhule, ranarta ta farko a aji. Malama ta ɗaga allon yarinyar ta tambaya na wa ne. Yarinyar ta ce "mana she", nawa ne. Ta faɗi daidai, da nahawun da kakarta take magana da shi. Idan malamar ta ɗauka Ahirani harshe ne daban, za ta san aikinta shi ne koya wa yarinyar harshe na biyu, ta bi da ita a hankali. Idan kuwa ta ɗauka gurɓataccen Marathi ne, sai ta ce mata ta gyara bakinta. Yarinyar za ta koma gida da tunanin cewa uwarta ba ta iya magana ba.

Sashe na 350A na kundin tsarin mulki ya ce a yi ƙoƙarin koyar da yaran tsirarun harsuna da harshen uwa a firamare, manufar ilimi ta 2020 ma ta ƙarfafa hakan har aji biyar. Amma wanda aka rubuta cewa harshen uwarsa Marathi ne, a takarda an riga an biya masa wannan haƙƙin. Haka zancen yake a jarrabawar shiga manyan ayyukan gwamnatin tarayya, da kyaututtukan adabi, da kuɗin buga littattafai: duk suna bin sunan da aka ba maganar.

Masu ƙin a raba, ba su da gaskiya ko kaɗan?

Suna da ita. Tsoronsu shi ne in kowane yanki ya ɓalle da sunansa, Marathi zai raunana a gaban Hindi da Ingilishi, musamman a Mumbai inda dama yake fama. Suna kuma cewa marubutan karkara da na al'ummar Dalit, waɗanda tsarin ajin haihuwa ya ajiye a can ƙasa, sun riga sun shigo da maganar gidajensu cikin adabin Marathi tun shekarun 1960, sun faɗaɗa shi, kuma hakan ya fi a gina wa kowa ɗan ɗakinsa. Na yarda da rabin wannan. Amma fitar Konkani ba ta hana Marathi samun matsayin harshe mai daɗaɗɗen tarihi a Oktoba 2024 ba, ba ta kuma hana jaridun Marathi sayuwa a Goa ba.

Idan zan yi rubutu a kan ɗayansu, me zan kira shi?

Konkani ka ce harshe, ba tare da wani kwana-kwana ba. Ahirani ka ce harshen yankin Khandesh, ka ƙara da cewa ƙidayar jama'a tana lissafa shi daban, amma da yawa a Maharashtra suna ɗaukarsa karin Marathi. Varhadi ka ce karin Marathi na Vidarbha. Malvani ka faɗi inda yake, tsakanin Konkani da Marathi, ka faɗi wanda ya sa shi a wane ɓangare. Idan kuma da mai maganar kake hira, tambaye shi sunan da yake kiran ta da shi, ka rubuta wannan sunan tukuna.